Babban kanti ya zo, ina makomar shagunan tsakiyar gari?

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar tsakiyar gari za mu yi, layin nan da shaguna ke jere, ga mahauci ga mai burodi ga kemis ga banki, wanda a ƙasashe da yawa yanzu in ka bi sai ka ga ƙofofi a garƙame an liƙa takardar neman ɗan haya. Sai kuma a ce ga sabon sufamaket na zuwa. Ceto ne ko ƙarasawa?

Abin da ke riƙe irin wannan wuri ƙafa ce. Mutum ya fito sayen nama, a hanya ya tsaya ya karɓi magani, ya leƙa wajen mai gyaran takalmi, ya ga riga a shago ya taya, kowane shago yana cin albarkacin maƙwabcinsa. To ranar da aka gina babban kanti a bakin gari da ƙaton filin fakin kyauta, mutumin nan zai shiga mota ya yi cefanen sati guda a wuri ɗaya ya koma gida, bai taka layin ba ko sau ɗaya. Kuma ba laifinsa ba ne, kaya sun fi araha domin kamfanin sari yake yi mai yawan gaske, wani lokacin ma har faɗuwa yake yi a kan wasu kaya da gangan don dai ka shigo. Mahauci da mai kayan lambu su ake fara rasawa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mai gyaran takalmin nan, shi babu abin da ya haɗa shi da sufamaket, ba sa sayar da abu iri ɗaya, amma shi ma sai ya rufe saboda masu wucewa ta ƙofarsa sun ƙare. Tsofaffi da marasa mota kuwa sai a bar su da layin da ba abin saya.

Za a ce ai ya kawo ayyukan yi. Ya kawo, amma a cire waɗanda suka tafi tare da ƙananan shagunan kafin a yi lissafi. Sayayya ta intanet da tsadar haya su ma suna da nasu kason, ba sufamaket kaɗai ba.

Gwamnatoci sun daɗe da ganin wannan. A Faransa kamfanin Carrefour ya buɗe ƙaton kantinsa na farko a 1963 kusa da Faris, zuwa 1973 har an yi dokar Royer wadda ta ce sai da izini na musamman kafin a gina kantin da ya wuce wani girma, a 1996 aka ƙara tsananta ta har girman da ke buƙatar izinin ya sauko zuwa murabba'in mita 300. A Ingila ma a 1996 ɗin aka kafa ƙa'idar cewa mai son gina babban kanti ya fara neman fili a tsakiyar gari, in babu sai gefensa, bayan gari shi ne zaɓin ƙarshe.

Kun lura ba hana ginawa suka yi ba a Ingilan, wurin ginawa suka kama. Domin sufamaket ɗin da aka dasa cikin gari yana iya dawo da ƙafar da ta gudu, mutum ya ajiye mota ya yi cefane sannan ya zagaya sauran shaguna. Amma fa da sharaɗi. In ƙofarsa filin mota take kallo ya juya wa layin baya, ko babban titi ya raba su, ko fakin ɗin na ɗan lokaci ne da ba zai ishe ka zagayawa ba, to sunan yana cikin gari ne kawai. Don haka in an fito da zanen ginin, ku duba ina ƙofar take fuskanta, kuma minti nawa tsohuwa mai ɗauke da leda biyu za ta yi daga nan zuwa shagon farko.