Kwamfutar Kawu ta daina shiga intanet, ku zo mu ga dalili

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau ina Birmingham a gidan kawuna, ƙanin mahaifiyata. Ga kwamfutarsa can a kusurwar falo, irin ta tebur ce, Windows 7 ke kanta. Kwana goma ke nan ba ta shiga intanet, tun ranar da aka sauya musu layi zuwa faiba, wato layin intanet mai sauri, aka kawo sabon akwatin intanet, wanda ake ce wa rawuta.

Jikokinsa sun ce a yar da ita a sayi sabuwa. Ni ban yarda ba. Idon Kawu ba ya ganin rubutun waya, a wannan babban allon yake karanta labaran gida, a nan yake sauraron tafsiri, kuma hotunan marigayiya matarsa duk suna ciki. Abin da tsoho ya saba da shi ba a raba shi da shi da garaje.

To bismillah. Kafin ka taɓa kwamfuta, fara duba rawutar. Ku ga fitilunta, duk a kunne, babu ja. Ga wayata na haɗa da Wi-Fi ɗin gidan, bidiyo na tafiya sumul. Ashe intanet ya iso gida lafiya, matsalar tana tsakanin akwatin nan da teburin can. Da yawanmu a nan muke ɓata lokaci, mu kira kamfani mu yi ta jira a layi, alhali wayar hannunmu ta riga ta ba mu amsa.

Yanzu ku dubi allon. Tana ganin sunan Wi-Fi ɗin, na sa kalmar sirri daidai, ta yi ta juyi sannan ta ce ba za ta iya ba. Ga abin da nake zargi. Sababbin rawutoci suna zuwa da tsarin tsaro mai suna WPA3, wanda ya fito a 2018, ita kuwa Windows 7 tun 2009 take, WPA2 ta sani. Haka kuma tsofaffin katunan Wi-Fi da yawa zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji, ba sa jin na 5 GHz. Ana iya shiga saitin rawutar a mayar da shi WPA2. Amma kwamfutar da ba ta motsi daga inda take, me ya haɗa ta da Wi-Fi? Kebul ya fi mata.

Kawu, akwai kebul ɗin intanet a gidan nan? Yauwa, ya ce in duba durowar ƙasa.

Na sa shi. Ku matso ku ga bayan kwamfutar, inda kebul ya shiga akwai 'yar fitila da ya kamata ta riƙa ƙyaftawa. Wannan tana kamawa tana ɗaukewa. Bari in nuna muku wani abu da zai amfane ku ko a wace kwamfuta mai Windows. Ku danna Start, ku rubuta cmd, baƙin allo zai fito, sai ku rubuta ipconfig. Kun ga lambar? Ta fara da 169.254. Duk lokacin da kuka ga wannan, kwamfutar ta roƙi rawuta ta ba ta adireshi ba ta samu amsa ba, sai ta raɗa wa kanta. Lambar gida ta ƙwarai yawanci da 192.168 take farawa. Ga ma dalilin, ɗan maƙalin robar da ke kan kebul ɗin ya karye, ba ya zama daram. Na zo da wani kebul a jakata, bari in sauya.

Alhamdu lillahi, ga 192.168 ta fito. Sai in rubuta ping 8.8.8.8, wannan adireshin wata na'urar Google ce, kamar ka yi sallama ne a ƙofar gida ka ji ko za a amsa. An amsa, sau huɗu.

Amma ku tsaya, ba a gama ba. Na buɗe burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, kowane shafi na nema sai gargaɗi ya fito, wai haɗin ba shi da tsaro. A nan ne mutane ke cewa ƙwayar cuta ta shiga kwamfuta, ko su sallama. Ku kalli ƙasan allon ta dama, wurin agogo. Wata na Janairu, shekara ta 2010.

Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida, da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Kwamfuta tana gwada ranakun nan da agogonta. Idan a ganinta muna 2010, to takardar da aka bayar bana ba ta ma fara aiki ba tukuna, shi ya sa take ƙin buɗewa. Abin da ke riƙe agogon idan an cire wuta ɗan batir ne a cikin cikinta, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, bolt 3. Na Kawu ya daɗe da mutuwa, sai dai ba a taɓa zare kwamfutar daga soket ba, don haka ba a gane ba. Ranar da aka zo sauya layi aka zare ta, agogo ya koma baya.

Na sayo batirin a kanti a bakin titi. Ku kashe kwamfuta, ku zare filogi, ku taɓa ƙarfen jikinta kafin ku sa hannu ciki. Ga shi can kwance, ka tura ɗan ƙarfen gefe sai ya tashi. Gefen da ke da alamar tarawa shi ke kallon sama. Na rufe, na kunna, na gyara rana da lokaci.

Kawu, ka gafarce ni, akwai magana ɗaya da ba zan ɓoye maka ba, ku ma masu kallo ku ji. Tun 14 ga Janairu 2020 Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro, burauzar Chrome ma a kan lamba 109 ta tsaya mata. Karatu da sauraro babu laifi, amma harkar banki da sayayya da kati kada a yi su a kanta. Idan buƙata ta taso ka kira ni, ko yaran su yi maka a waya. Hotunan marigayiya Inna kuma yau ɗin nan zan kwafe su a filas, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, guda biyu, ɗaya a wurinka ɗaya a wurina, don faifan ajiyar da ya haura shekara goma yana juyi ba a ba shi amana shi kaɗai.

To ga shi, shafin ya buɗe. Kawu, bismillah, zo ka zauna, bari in jawo maka kujera. Me za mu fara sa maka, labaran rana ko tafsirin da ka tsaya a kai?