Laftof ɗin autanmu ta mutu a Samaru, ni na kasa barci a Ingila

Jama'a, assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da idanun nan, jiya ban runtsa ba. Tsakar dare autanmu ya kira ni daga Samaru, murya na rawa: "Yaya, laftof ta ƙi tashi." Na ce ya kara wayar a jikinta in ji. Ƙas, ƙas, ƙas. Ina jin wannan ƙarar na san faifan ajiya ya tafi. Saura mako 2 ya miƙa furojet, wato rubutun bincikensa na makaranta! Na ce ina ka kwafe aikin? Wai yana da filash. Aka buɗe filash, babi na biyu kaɗai, shi ma tun na kafin ƙaramar salla. Wallahi da ina gida da sai na murɗe masa kunne.

Da safe ya shiga motar Sabon Gari, ya kai ta wajen wani mai gyara a PZ. Mutumin ya ce sabon faifai da zuba Windows ba matsala, amma abin da ke cikin tsohon, sai dai addu'a. Ba rubutun kaɗai ba fa, har SPSS, manhajar nan ta lissafin bayanan bincike, da ya sha wuya kafin ya ɗora, da duk saitin da ya yi shekara 3 yana yi.

To ku matso ku ga abin da nake ta yi masa wa'azi a kai. Wannan ɗan abin da bai kai tafin hannuna ba SSD ne, wato wani nau'in faifan ajiya, mai giga 500, fam 40 na saye shi, gidansa mai igiyar USB kuma fam 10. Ba fayil-fayil nake tura masa ba. Faifan laftof ɗina nake kwafewa sukutum, da Windows, da manhajoji, da ɓangaren da ke tayar da kwamfutar, komai. Shi ake cewa kulonin, wato ka yi wa faifanka ɗan tagwaye. Ranar da na ciki ya mutu, ka kwance shi ka ɗaura wannan, ka kunna, ka tarar da komai inda ka bar shi.

Ni Clonezilla nake amfani da ita. Kyauta ce, a wata cibiyar bincike ta Taiwan aka ƙirƙiro ta. Kana ɗora ta a kan filash, ka tayar da laftof daga filash ɗin. Amma fuskarta babu fara'a, rubutu ne zalla kamar takardar kotu. In kana son mai maɓallan dannawa, akwai Rescuezilla, ita ma ko sisi ba ka biya.

Ga inda na taɓa kusa yin kuka. Clonezilla za ta tambaye ka wane faifai za a kwafa, wane za a zuba wa, kuma ba ta ce maka "naka" da "sabo". Sai dai ka ga sda, sdb, ko nvme0n1. Ka juya su, ta shafe aikinka da faifan da babu komai, kai da kanka ka danna mata amincewa. Ni sai na karanta girma da sunan kowanne sau 3, da bisimilla. Kuma wanda za a zuba wa kada ya gaza na asali girma, duk abin da ke cikinsa ma zai tafi, saboda haka kada ka ɗauko wanda hotunan bikin Anti ke ciki.

In BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle abin da ke cikin faifai, na kunne, ka nemi makullinsa mai lamba 48 ka rubuta a takarda tukuna. Na gaya maka.

Sai maganar wuta. A nan tunda na zo ban ga ɗaukewar wuta ba, ina jona abu in tafi in dafa shayi. Ku a gida, ku cika batir, ko ku bari sai an tayar da janareto, don in ta yanke a tsakiya daga farko za a koma. Amma kada ku ce na fi ku jin daɗi. Ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi a nan, ga yayyafin da ba ya ƙarewa. Da a ba ni hunturun Zazzau da ƙurarsa, in zauna bakin Kwangila da tsire mai zafi a takarda, ai na yafe wutar. Ƙurar nan dai ku riƙa kakkaɓe ta daga fankar laftof, zafi ba ya yi wa na'ura daɗi.

Tagwayen nan kuma na ranar da ka yi shi ne kawai. Abin da ka rubuta washegari ba ya ciki. Ni duk wata nake sabuntawa, rubutun yau da gobe kuma ina jefa shi Google Drive, giga 15 suke bayarwa kyauta. Ka gwada ɗaura shi ko sau ɗaya ka ga ya tashi. Kada kuma ka sa shi jaka ɗaya da laftof, ɓarawo ba ya rabawa.

Na sayi SSD na biyu, akwai mai tafiya Kaduna mako mai zuwa, zan ba shi ya kai wa yaron. Yanzu haka yana can yana bin imel ɗin da ya taɓa tura wa malaminsa, ko Allah zai sa a tsinci babi na uku. Ga shi ma yana kira, bari in ɗaga.