Drayton Hall: Gidan da aka ƙi yi wa kwalliya

Ku dubi ginin nan da kyau. Babu lantarki a cikinsa, babu famfo, kuma ba a taɓa sa su ba. Wannan shi ne Drayton Hall, a bakin kogin Ashley, kusa da birnin Charleston a jihar Karolina ta Kudu, Amurka.

A 1738 John Drayton ya sayi filin. Binciken katakon rufin ya nuna an sare itatuwan ne wajen 1747, wato wajen lokacin ne ake ginin gidan.

Ku lura da fuskar gidan. Jan bulo ne, hawa biyu bisa ɗakunan ƙasa, ga baranda kan baranda, kowace da ginshiƙanta. Salon Andrea Palladio ke nan, maginin Italiya na ƙarni na 16. In ka ja layi ta tsakiya, dama da hagu kamar an tsaga kara. Ta ɓangaren kogi akwai wata ƙofar, don baƙin da suka zo a jirgin ruwa, suna shiga sai ga matakala ta katakon mahogani ta rabu biyu. Da akwai ƙananan gine-gine biyu a gefe. Girgizar ƙasar 1886 ta ci ɗaya, guguwar 1893 ta ƙarasa ɗayan.

To, da guminsu wa aka yi duk wannan? Bayi. 'Yan Afirka da jikokinsu ne suka noma shinkafa da baba a gandayen iyalin Drayton, su ne kuma suka ɗora bulon nan. Da yawa daga bayin yankin an kwaso su ne daga gaɓar Afirka ta Yamma, inda noman shinkafa gado ne.

Gidan ya tsallake yaƙin neman 'yancin Amurka da yaƙin basasarta. A 1974 iyalin suka sayar wa National Trust for Historic Preservation, ƙungiyar kiyaye wuraren tarihi ta Amurka, ita kuwa ta ce a kiyaye shi yadda aka same shi, kada a sabunta. A ganina ta yi daidai. Fenti ya koɗe, ɗakunan fayau, har alamun tsawon yara da aka riƙa zanawa a jikin ƙofa suna nan.

Kafin ku fita, ku ratse cikin itatuwa. Akwai maƙabartar baƙaƙen fata a can, tun wajen 1790. Richmond Bowens, jikan bayin gandun, wanda ya yi gadin ƙofar gidan da tsufansa, shi ya roƙi kada a share wurin, a bar mamata su huta. Da ya rasu a 1998, nan aka binne shi.