Kafin Ka Sayi Tsohon Jirgin Ruwa Mai Ɗaki, Ga Inda Ɓarna Ke Ɓuya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

Jirgin ruwan da za mu duba yau shi ne irin wanda ake kira mai ɗaki. Tsawonsa bai wuce mita 8 ko 9 ba, a ciki akwai gado, da ɗan madafi, da banɗaki, inji kuma yana can baya ƙarƙashin daɓe. Irinsu ne kamfanonin Amurka kamar Sea Ray da Bayliner da Carver suka yi ta ƙerawa a shekarun 1980 da 1990. Yanzu sun tsufa, kuɗinsu ya sauko, har akan shigo da wasu Legas kamar yadda ake shigo da motocin tokumbo.

Dillali zai wanke shi tas, ya goge shi har ka ga fuskarka a jiki, ya sake wa kujeru leda. Duk wannan kyan ɗan maciji ne. Jikin jirgin faiba ne, ita kuwa faiba ba ta ruɓewa, shi ya sa yake ta sheƙi bayan shekara 30. Amma a tsakiyar faibar nan an binne katako, kuma katakon ne ke riƙe da inji, shi ne ke riƙe da daɓen da kake takawa. Idan ya ruɓe, daga waje ba za ka gani ba.

Saboda haka sharaɗin farko, a fito da jirgin kan tudu. Wanda ya saya yana kan ruwa ya yi cinikin biri a sama, domin rabin abin da ya biya wa kuɗi bai gan shi ba. Idan mai jirgi ya ƙi a fito da shi, ka yi masa sallama kawai.

Da an ɗora shi, zagaya baya. A kusurwar sama ta hannun dama akwai lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 12. Tun Nuwamban 1972 dokar Amurka ta wajabta ta. Haruffa ukun farko na kamfanin da ya ƙera ne, kuma a jiragen da aka yi daga 1984 zuwa yau, alƙaluma biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin. Gwada ta da abin da ke cikin takardu. In ka ga alamar an kankare ko an shafe wurin da sabon fenti, tsaya ka yi tambaya.

Yanzu ɗauko 'yar guduma mai kan roba ka riƙa bubbuga jikin jirgin. Ku saurara da kyau. Kun ji wannan ƙarar mai kaifi, ƙwas-ƙwas? Nan lafiya lau. To ga wannan kuma, buf-buf, kamar an bugi jiƙaƙƙiyar ganga. Nan faiba ta rabu da katako, ko kuma katakon ya sha ruwa. Haka za ka bi bangon baya kaf, taƙi bayan taƙi, musamman kewayen duk inda aka huda aka ɗaura noti, domin ta nan ruwa ke sulalewa ciki shekara da shekaru. Bangon bayan nan shi ne ke ɗauke da ƙafar inji, wato sashen da ke waje mai farfela. Kama ƙafar da hannu biyu ka girgiza ta da ƙarfi sama da ƙasa, idonka a kan bangon. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Idan ya lanƙwasa, ko ka ga ruwa mai launin shayi yana tsatsafowa daga gindin noti, to katakon ciki ya zama dusa. Gyaransa sai an ciro inji, an yanke faiba, an kwashe ruɓaɓɓen, an sake gini. Sau da yawa kuɗin aikin ya fi kuɗin jirgin. Ni a wurina, nan ne ciniki ke mutuwa, komai arahar da aka yi mini.

Haka abin yake ga dogayen katakan nan biyu da suka miƙe a cikin jirgin daga baya zuwa gaba, waɗanda inji ke zaune a kansu. Sa sifana a notin da ya ɗaure injin ka gwada ƙara matsewa. Idan yana ta juyawa bai kama ba, babu katakon kirki a ƙarƙashi. Daga nan cire takalmi ka taka daɓe ko'ina, kusa da ƙofofi, gindin kujeru, bakin tagogi. Tafin ƙafa ya fi ido gane wurin da ya yi laushi.

A ƙasan jirgi kuma za ka iya tarar da ƙuraje kamar bororon ƙuna. Ruwa ne ya ratsa fatar faibar. In ƙanana ne jefi-jefi, abin neman ragi ne kurum. In manya ne sun cika ƙasan, a kira gwani ya duba.

Mu koma kan ƙafar inji. Juya ta gefe ka haska tocila tsakaninta da jiki. Ga wata roba mai lanƙwasa-lanƙwasa, kamar robar shaf ta mota. Wannan 'yar robar ce tsakanin ruwa da cikin jirginka, kuma in ta tsage jirgi kan nutse yana ɗaure a bakin ruwa, cikin dare, ba kowa. Matsa ta ka ga ko ta bushe ta yi zane-zane. Duba sunan kamfanin da ya ƙera ƙafar ma. MerCruiser da Volvo Penta ana samun kayansu. OMC kuwa kamfanin ya durƙushe tun Disambar 2000, neman wasu kayansa sai an sha wuya.

Inji dole ka same shi da sanyi. Ɗora hannu a kai kafin a tayar. In ka ji ɗumi, an riga ka, an ɗuma shi don kada ka ji yadda yake wahalar tashi. Zaro sandar auna baƙin mai. Idan man ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga. A jiragen da suka zauna a ƙasashen sanyi, hakan kan faru idan an bar ruwa a inji lokacin hunturu, ya daskare ya fasa bulok.

Ga wani abu da makanikin mota ba lallai ya lura da shi ba. Yawancin injinan nan ba su da lagireto, ruwan da jirgi ke kai shi suke zuƙa su sanyaya kansu, sannan su fitar da shi tare da hayaƙi ta waɗannan manyan ƙarafan da ke gefe da gefe. Idan ruwan gishiri ne, kamar na bakin teku a Legas ko Fulorida, yana cin ƙarfen ta ciki cikin 'yan shekaru, wata rana ruwa ya kwararo cikin silinda, inji ya tashi aiki. Nemi tsatsar da ta zubo daga mahaɗarsu, ka tambayi yaushe aka canza su, a nuna maka rasit. Sannan a kwance fulogai a auna matsin kowace silinda. Kada wata ta yi ƙasa da 'yan uwanta sosai. Agogon awoyin aiki kuwa kada ka dogara da shi, ana canza shi, yana kuma tsayawa.

Kafin a murza makulli, buɗe murfin ɗakin inji ka sunkuya ka shinshina. Wannan maganar rai ce, don Allah a riƙe ta. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yakan zube ƙasa ya bi iska, a jirgi kuwa ba shi da mafita, sai ya taru a ƙasan ciki yana jiran tartsatsi. Shi ya sa ake kunna fankar da ke zuƙe iskar wurin na minti 4 kafin a tayar da inji, shi ya sa kuma ba a sa kik ko altanetar mota a jirgi, nasa a rufe suke don kada su yi tartsatsi. In ka ji warin fetur, kada a tayar. Wataƙila tiyo ne ya tsufa, wataƙila kuma tankin alminiyon ne ya huje ta ƙasa, shi kuwa a jirage da yawa sai an yanke daɓe ake ciro shi.

Kowane famfo da ya huda ƙasan jirgi, buɗe shi ka rufe. Wanda ya ƙage bai da amfani ranar da tiyo ya fashe. In tagullar famfon ta koma ruwan hoda, ta riga ta mutu. Ɗaga maɓallin famfon da ke kwashe ruwan ciki ka ji ya tashi. Wayoyin da aka murɗa aka naɗe da salatif, a lissafa sake su. Kuma jirgin Amurka wutarsa bolt 120 ce, tamu 230, in ka jona kai tsaye ka ƙone caja da firji.

Ba a biyan kuɗi sai an fita gwaji. Inji kan yi daɗin ji a tsaye, da ya ɗauki nauyi asirinsa ya tonu. Ku ɗauki mutane kamar yawan waɗanda za ka riƙa ɗauka. A sa giyar gaba, a sa ta baya, a ji ko tana shiga ba gardama. A bar shi ya yi zafi, sannan a ba shi wuta duka na 'yan mintoci. Allurar juyin inji ta kai adadin da kamfani ya rubuta, allurar zafi ta tsaya wuri guda. Juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, in ka ji gurnani daga baya, boris ɗin ƙafar ya gaji. Kada kowa ya zauna a ɗaki a rufe inji na aiki sai an tabbatar hayaƙi ba ya shiga, domin gubarsa ba ta da wari.

Duk abin da muka nuna, tankaɗe ne na farko. In jirgin ya tsallake, ɗauko gwanin binciken jirage wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma kafin alƙalamin da za ka bayar a rubuta cewa za a mayar maka in ya gano ɓarna. Takardun kwastan da na rajista, ta NIWA, hukumar hanyoyin ruwa ta tarayya, ko LASWA, ta jiha, in a Legas ne, su dace da lambar nan ta baya.

Da kun dawo bakin ruwa, kada ka yi saurin sauka. A kashe inji, ka sake buɗe murfin, ka haska ƙasan ciki. Da safe a bushe yake, yanzu fa? Sake zaro sandar mai ka dubi launinsa. Sannan ka zauna shiru minti 10, kunnenka a kan famfon kwashe ruwa, ka ƙirga sau nawa ya tashi da kansa.