Canjin oyil sil na aksul ɗin gaban Hilux, daga garejinmu na Daura

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Kai yaro, ɗan matso da wayar ƙasa, ba fuskata suka zo kallo ba. Yauwa. Kun ga wannan jiƙewar da ƙura ta manne a kai, daidai inda shaf ya shiga cikin aksul? Shi ne aikinmu na yau, za mu canja oyil sil, wato zoben robar da ke hana mai fita ta wurin nan. Hilux ce mai fowil, irin wadda aka yi tsakanin 2005 da 2015, wadda muke cewa Vigo. In taka Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, ko tsohuwar Hilux mai aksul guda a gaba, to sil ɗinta can ciki yake, sai an kwance kan ƙafar gaba ɗaya, wannan sai wani darasin.

Kafin ka sayi komai, dangwala yatsa ka shinshina. Man giya ba ya ɓuya, warinsa kamar ƙwan da ya kwana biyu a rana. In ka ga ja-ja ne, man sitiyari ne ke gangarowa daga sama. In kuma baƙin giris ne ya watsu a jikin taya, robar shaf ce ta yage. Wannan dai na shinshina, man giya ne.

Taya na riga na cire, farantin ƙasa ma na sauke, wannan kowa ya iya. Abu ɗaya kawai, kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak ita kaɗai, sa mata ƙafar ƙarfe ta tokare ta.

To ga abin da nake so ku riƙe. Noti biyu ne a jikin aksul, na zuba mai a sama, na tsiyayewa a ƙasa, dukansu alanki 10 ke kama su. Fara kwance na sama. Na sama, na ce. Lokacin ina yaron gareji na taɓa tsiyaye man wata mota tas, na zo kan na sama ya ce bai san zancen ba, na matsa har ramin alankin ya cinye. Sai da aka kira mai walda ya ɗora mashi wani noti sannan ya fita, maigidana kuwa ranar ko kallona bai yi ba har magariba. Ka sa ƙusa ka ƙwaƙule ƙasar da ke cikin ramin, ka buga alankin ya zauna sosai, sannan ka murɗa. Ya saki. Yanzu na ƙasa. Kawo bokiti.

A'a, ku dubi launin man nan. Kamar shayin da aka cika wa madara. Ruwa ya shiga ke nan. Mai motar daman ya ce mani duk daminar bana tana hanyar Baure da Zango, ƙauye-ƙauye, ana ratsa ruwa da ita. Za mu dawo kan wannan maganar.

Babban notin tsakiya. Ka cire murfi, ka zare fin da filaya, ka cire ɗan kwandon da ke rufe da shi. Miƙo soket 32. A'a, tsaya, ba shi ba ne, 35 nake nufi, in babu 36 ma yana kamawa. Shiga ka taka mani birki, ɗana. Taka sosai, ba fura kake damawa ba. Yauwa.

Wayar ABS, wato ta na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ka cire ta daga maƙalanta, siririya ce, in ta tsinke fitilar gargaɗi ce za ta kunnu a dashbod kuma mai mota ba zai yarda ba kai ba ne. Ɗan ƙarfen balansa ma mun sake shi. Wasu sai sun cire tayarod da kalifa da komai, ni dai noti biyun nan na ƙarƙashin boljoyin nake kwancewa, in karya sitiyari, in ja ƙafar waje, shaf ya samu hanya. Amma idonka na kan tiyon birki, kada nauyi ya rataya a kansa. In bakin shaf ya ƙi fita, mayar da notin a kan zaren kafin ka buga, kada guduma ta taɓa zare.

Cikin nan kuma akwai wani zoben ƙarfe da ke riƙe shaf a aksul. Kada ka kama shaf ka fizga, haɗin ciki ne zai rabu a cikin roba, ka sayi aikin da ba a sa ka ba. Ga ɗan gurbi nan a jikin kan shaf, nan za ka ɗora ƙarfe, bugu ɗaya mai kyau. Bai fita ba. Juya shi kaɗan. Bismillah. To ga shi.

Yanzu ku natsu, nan ne inda na sha wuya shekara da shekaru. Kada ka taɓa tsohon sil tukuna. Auna zurfinsa daga bakin ramin, in ba ka da abin awo sa tsinke ka yi alama, ka ɗauki hoto da waya. Sil ɗin nan ba bugawa ake yi har sai ya tsaya ba. Yana da wurin zamansa, in ka wuce da shi ciki leɓensa ba zai hau daidai inda ya kamata a jikin shaf ba, in ka bar shi waje kuma murfin ƙurar shaf zai riƙa cinsa. Na taɓa yi wa wani mai fataucin dabbobi aiki, na buga sil ya nutse, na ce ai gara ma ya shiga da kyau. Bai kai Mai'aduwa ba mai ya fara ɗiga. Sau biyu yana dawowa ina zagin mai kanti cewa jabu ya ba ni, ashe laifin a hannuna yake.

Da na auna, sai in sa babbar sukudireba in ɓanɓaro shi, amma bakin sukudirebar a jikin sil yake, ba a jikin ramin ba. In ka karce ramin nan, mai zai bi ta bayan sabon sil, ko orijina ne. Goge da tsumma mai tsabta, ba wanda muka share ƙasa da shi ba.

Ɗauko shaf ɗin mu gani. Ka bi da farce daidai inda sil ke gogawa. In farcenka ya maƙale a wani layi, ƙarfen ya ci, sabon sil ba zai yi wata nawa ba. Wannan sumul yake, sai ɗan tsatsa, samfefa mai laushi ta isa. Da tun kafin mu cire ma ya kamata in nuna maku, ka kama kan shaf na ciki ka girgiza sama da ƙasa. Wasa kaɗan dole ne, amma in yana ƙwal-ƙwal, musamman na hagu, boris ɗin ciki ya tafi, shi ke kashe sil.

Ga sababbin. Na hagu da na dama ba iri ɗaya ba ne, don haka ka je kanti da lambar shasi ko da tsohon a hannu. Wannan... a'a, wannan na dama ne, ba ni ɗayan. Ni daga Ƙofar Ruwa a Kano nake sa a kawo mani, kuma muna ajiye su a nan gareji, mai bukata lambarmu na ƙasan bidiyo, har Katsina muna ba direba ya kai. Akwai mai araha, robarsa ƙandas kamar tsohon silifa, ni ba na sa shi, don kuɗin aikin sake kwancewa ya ninka kuɗin sil ɗin.

Ku ga ɗan sifirin da ya zagaye cikin leɓen. Ɓangaren da yake, shi ke kallon mai, wato ciki. Ina cusa giris a bayansa don kada girgizar guduma ta fitar da shi, in shafa kaɗan a leɓen kada ya fara aiki a bushe. Abin bugawa kuwa guntun bututun nan ne da na yanke, faɗinsa daidai da gefen sil. A hankali, ƙwas, ƙwas, kana zagayawa kana dubawa. Nan gefen ya fi shiga. Bari in taɓa wancan. Kawo tsinken. Saura kaɗan. To ya zauna, kar a ƙara.

Wajen mayar da shaf, bakin zoben nan ya kalli ƙasa, ka ɗan sa giris ya riƙe shi a tsakiya. Tallabe shi ya shiga a miƙe, haƙoransa kada su taɓa leɓen sil. Tura, za ka ji ƙas. Ja shi da hannu, in bai fito ba ya kama. Sauran ɗauri kun san shi, babban notin dai 235 Nm ake ɗaure shi a sifanar awo, kuma fin sabo, ba ƙusa ba, na sha cire ƙusa a wurin nan.

To maganar ruwa. Kai yaro, buɗe bonet. Aksul yana da hancin shaƙar iska, ga siririn tiyonsa ya hau sama. In mota ta yi tafiya mai ya yi zafi, iskar ciki sai ta nemi hanya, in hancin ya toshe ta sil za ta fita da mai. In kuma aksul mai zafi ya faɗa ruwan sanyi, sai ya zuƙo ruwa ta sil ɗin. Cire shi ka hura. Ba ya wucewa ko? Ku gani, taɓo ne ya bushe a ciki. Akwai motar da ta daɗe a ajiye da na tarar zanzaro ya yi gini a bakin. Da mun bar wannan haka, wata biyu mai motar zai dawo yana ce mana aikinmu bai yi ba. Wanke shi da fetur, hura kuma. Yauwa, yanzu ya buɗe.

Mai kuma na giya ne, GL-5, ni 80W-90 nake zubawa saboda zafin garin nan, bai ma kai lita 2 ba. Mota a daidaice, ka zuba har ya fara dawowa ta ramin sama. Tunda wannan ta sha ruwa, na ce mashi ya yi mako guda ya dawo mu sake juyewa, mu leƙa na baya ma. Wanke wurin tas don gobe in ya ɗiga mu gani. Kai, an kira la'asar, kashe wayar, ɗaya gefen sai mun dawo daga masallaci.