Ja wur amma lami: tumatirin kanti ko na kasuwar manoma?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ga tumatir biyu a kan faranti. Na dama ja wur ne, sumul, ko ɗigon tabo babu. Na hagu kuwa ɗan karkatacce ne, kafaɗarsa da sauran kore, har da 'yar tsaga kusa da inda aka tsinko shi. Da za a ce kowa ya ɗauki ɗaya, na san inda hannu zai nufa. To, bari dai mu sa musu wuƙa.

Ku dubi cikin na daman. Fari-fari ne, tsokar gari-gari, in ka sa a baki sai ka ji lami, kamar ka tauna ruwa. Na hagun kuwa tun wuƙa ba ta gama ratsa shi ba ƙamshi ya tashi, ruwansa na bin yatsu, ga zaƙi ga ɗan tsami. Na farkon daga babban kanti ya fito, na biyun daga hannun manomi. Amma kada ku yi saurin yanke hukunci, domin ba ginin kantin ne ya kashe masa daɗi ba.

Tumatirin da zai kwana a mota, ya kwana a sito, sannan ya zauna a kan kanta, ba a iya jiransa ya nuna a jikin uwarsa. Zai faffashe a hanya. Saboda haka akan cire shi yana kore, ya ƙosa amma bai fara ja ba, sai a shigar da shi ɗaki a sakar masa iskar itilin. Wannan iskar ba guba ba ce, shi kansa tumatirin yana fitar da ita idan zai nuna. Tana sa shi ya yi ja ya yi laushi. Abin da ba ta iyawa shi ne ƙara masa sukarin da ganye zai ci gaba da tura masa da an bar shi a gona.

Sai maganar iri, kuma a nan ne labarin ya fi ban mamaki. Tumatirin zamanin da yakan nuna ne da koren kafaɗa, irin wannan na hagu. Masu fitar da iri suka samu wani wanda yake nuna bai ɗaya daga sama har ƙasa, ga kyan gani ga sauƙin tsincewa, sai aka yi ta yaɗa shi har kimanin shekara 70. A 2012, Ann Powell ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis da abokan aikinta suka gano abin da aka yi asara. Wannan kyan launin ya samo asali ne daga lalacewar wata ƙwayar gado da ke sa ɗanyen tumatir ya yi kore shar. Koren nan kuwa shi ne masana'antar da ɗan tumatirin ke haɗa sukari da hasken rana. Wato an sayi kyau, an biya da zaƙi.

A 2017 kuma, Harry Klee na Jami'ar Florida da masu bincike daga ƙasar Sin suka bi diddigin iri 398, na da da na zamani har da na daji. Suka samu sinadarai 13 masu ba da ƙamshi waɗanda suka ragu sosai a irin zamani. Ba da gangan aka zubar da su ba. Ana ta neman yawan amfani, da girma, da jure wahalar hanya, ba wanda ya tsaya yana sansanawa. Ga shi kuma girman ma da nasa haraji: galibi in tumatir ya ƙara girma, sukarinsa raguwa yake yi.

Abu na uku sanyi ne. Tumatir ba ya son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 a ma'aunin Salshiyas. Wani binciken 2016 ya nuna cewa kwana ɗaya zuwa uku a firji ba ya yin wata ɓarna mai yawa, amma mako guda yana danne ƙwayoyin gadon da ke samar da ƙamshi, kuma ko an fito da shi ba ya komawa yadda yake. Wanda kuka saya a kanti mai yiwuwa ya riga ya sha nasa sanyin tun a hanya.

To ashe kasuwar manoma ce mafita? A lokacin kakar tumatir, ni dai can zan nufa. Sai dai ba duk mai tsayawa bayan teburi ne manomi ba. Akwai 'yan sari da ke ɗauko kaya daga inda kanti ke ɗaukowa. Idan kuka ga kwali cike da tumatir girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, kuma ba lokacinsa ba ne, ku yi tambaya. "Malam, yaushe aka cire wannan? Wane iri ne?" Wanda ya noma zai amsa tun ba ka rufe baki ba, har ya ƙara maka da labarin gonar. Kuma ko na manomi ne, idan ya cika masa ban ruwa ko an yi ruwan sama dab da cira, zai yi salam, tunda dama kusan kashi 95 cikin 100 na tumatir ruwa ne.

Ko ina kuka tsinci kanku, ku ɗauke shi a tafin hannu. Ya kamata ya fi yadda ido ya zata nauyi. Ku ɗan taɓa shi a hankali, ba latsawa ba, don kada ku ɓata wa mai kaya hajarsa: mai kyau yana ɗan saki kaɗan, bai yi tauri kamar dutse ba, bai kuma yi luguf ba. Sannan ku kai wajen cibiyarsa, wato inda aka tsinko shi, hanci. Idan ba ku ji komai ba, baki ma ba zai ji ba. A nan akwai wani ɗan tarko. Wanda ake sayarwa da reshensa a jiki yana da ƙamshi mai ƙarfi, amma yawancin ƙamshin na reshen ne da ganyen. Ku sansana ɗan itacen da kansa. Tsagar da ta bushe ba matsala ba ce, wadda ke tsatstsafar ruwa ita ce abin gudu.

Idan ba lokacinsa ba ne kuma kanti kawai kuke da shi, ku bar manyan nan ku ɗauki ƙananan, masu kamar 'ya'yan inabi. Sun fi sukari, kuma an fi barinsu su nuna kafin a cire. In dafawa za ku yi, na gwangwani ma ya fi babban ɗanyen da ba na kaka ba, domin nunanne ake cirewa a sarrafa nan take.

Wanda kuka kawo gida bai gama nuna ba, ku ajiye shi a inuwa cikin ɗaki, ku kifa shi cibiyar tana ƙasa don kada ya yi saurin yaushi. Ba ya buƙatar rana. Idan kuna sauri, ku sa shi a jakar takarda tare da ayaba nunanniya, ita ma itilin take fitarwa. In ya nuna sosai ba ku shirya ci ba, firji na kwana biyu ya fi ruɓewa, sai ku fito da shi sanyin ya sake shi kafin a yanka. Kuma idan kun yanka, kada ku matse ruwan nan mai yauƙi da ke kewaye da 'ya'yan ku zubar, ya fi tsokar ɗanɗano.