Ciwon gefen hagu da muke ta kira ƙaulun

Nura: To, mun hau. Tun Alhamis guruf ɗin 'yan unguwa bai huta ba kan abin da ya kwantar da dattijon nan namu na Makka. Alhamdu lillahi an sallamo shi. Anti Balaraba, ke ce ma'aikaciyar jinya, me aka ce ya same shi?

Balaraba: Dibatikulaitis. Ka ga babban hanji, idan shekaru suka ja, wasu wurare a bangonsa sukan yi rauni su ɓullo waje, kamar tsohon tubun keke da ya yi ƙulli. Ƙananan aljihuna ne. Daga shekara 40 ake fara ganinsu, a ƙasashen Turawa kuwa kusan rabin waɗanda suka haura 60 suna da su. Yawanci mutum bai ma san suna nan ba. Sai ranar da ɗaya ya kumbura, ƙwayoyin cuta suka taru a ciki.

Hadiza: Amma Anti, shi cewa ya yi ƙaulun ne.

Balaraba: Wannan ne ke ba ni tsoro, Hadiza. A nan Saudiyya duk wanda cikinsa ya murɗa, sai a ce ƙaulun ne, wato murɗawar hanjin nan mai yawan dawowa. Shi ƙaulun yana zuwa ya tafi, sau da yawa in ka zaga ka ji sauƙi, kuma ba ya kawo zazzaɓi. Wannan kuwa ciwo ne da ke kafewa wuri guda, ƙasan cibiya ta hagu, ya kwana ya wuni, in an danna wajen mutum ya zabura. Ga zazzaɓi, ga tashin zuciya, bahaya ya ƙi fita ko kuma a yi ta gudawa. 'Yan Asiya irin su Japan da Koriya su a dama ya fi kama su, har a zaci afendis ne.

Nura: Ni dai na san kabsa ce, shinkafa da naman nan na Larabawa, ta jawo masa.

Hadiza: Yaya Nura, kai da ba ka wuce mandi, ita ma shinkafa da nama, ranar Juma'a?

Nura: Ai da safe ful da gurasar tamis nake ci.

Hadiza: Tamis nawa? Faɗa wa masu sauraro.

Nura: Wannan tsakanina da mai tanda ne. Kuma ful ɗin 'yan Sudan nake saya, mai man riɗi da albasa.

Hadiza: Na Bab Makka ya fi.

Nura: Haba! Ke kin taɓa ɗanɗana na Karantina kuwa?

Hadiza: Ruwa ya yi masa yawa.

Nura: A'a, wannan maganar ba za ta wuce haka ba, sai mun...

Balaraba: Ku bari, ful ɗin ma yana cikin zancen. Wake ne, harza gare shi. A 1971 likitoci biyu, Neil Painter da Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, suka rubuta cewa cutar ta cika Ingila amma da ƙyar ake ganinta a ƙauyukan Afirka, suka danganta hakan da abinci. Ku tuna abin da iyayenmu suka taso a kai: tuwon dawa, miyar kuka, dambun zogale, fate. Mu muka zo nan muka koma farar shinkafa, jan nama, soyayyar kaza, daga mota sai ɗakin esi. Ƙiba da sigari ma suna ƙarawa.

Hadiza: An ce a daina cin gyaɗa da gugguru, wai suna maƙalewa.

Balaraba: Da haka likitoci ke cewa. Wani babban bincike a Amurka a 2008 bai ga alaƙar ba. Ku ci gyaɗarku. Abin da nake roƙon mutane shi ne su bar afa Brufen da Voltaren a kan ciwon ciki, domin irin waɗannan magungunan suna ƙara haɗarin aljihun ya fashe ko ya yi jini. In ya fashe, ƙazanta ta bazu a ciki, maganar tiyatar gaggawa ake yi. Wani ya tara ruwan mugunya, wani ma hanya ta ɓulle zuwa mafitsara, mutum ya ga iska na fita a fitsari.

Nura: Subhanallahi.

Balaraba: Amma in an je da wuri, hoton siti sikan da gwajin jini za su nuna. Mai sauƙi a gida ake jinyarsa, abinci mai ruwa-ruwa na 'yan kwanaki, wani a ba shi antibayotik, wani ba a ma ba shi. Lokacin kumburin ba a cika ciki da wake da ganye, sai an warke. Bayan mako 6 zuwa 8 akan leƙa hanjin da kyamara, a tabbatar ba ciwon daji ne ya ɓuya ba.

Hadiza: Yaya, an fara kiran Magariba, ga saƙonnin mutane ba mu karanta ba.

Nura: Sai mako mai zuwa. Anti, lambobin wayar nan na Saudiyya da sauri.

Balaraba: 937 don shawarar likita, 997 motar asibiti. In ciki ya yi tauri ko an ga jini, 997 kai tsaye.

Nura: Sai an jima, assalamu alaikum.